Sitika Iri Huɗu A Jikin Hilux Guda: Nazarin Wani Aikin Cire Tambari A Maraɗi

Motar da ake magana a kanta farar Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, irin wadda ƙungiyoyin agaji suke shiga ƙauyukan Dakwaro da Mayahi da ita. Ta yi wa wata ƙungiya aiki shekara bakwai ko fiye, furojen ya ƙare, aka saka ta cikin motocin da za a sayar. Wani ɗan kasuwa mai harkar hatsi da wake, mazaunin unguwar Ali Ɗan Sofo, ya saye ta. Ya biya kuɗin duwan, aka sauya mata lamba, sai abu guda ya rage: cikin sharuɗɗan cinikin an rubuta cewa kada motar ta hau titi da tambarin ƙungiyar a jikinta. Ko ba a rubuta ba ma, shi kansa Alhaji ba ya so. Harkarsa tana kai shi kasuwannin yankin Madarunfa da Gidan Rumji, kuma duk wanda ya san halin da hanyoyin bakin iyaka suke ciki a ƴan shekarun nan ba zai so ya ratsa su cikin motar da ke shelar cewa akwai kuɗin Turawa a cikinta ba.

Abin da ke manne a jikinta: tambari mai shuɗi da kore a ƙofofin gaba biyu, wani babba da ya kusa cinye kapo, wato murfin inji, gaba ɗaya, layin ja da fari mai walƙiya da dare a murfin baya, sai ƙaramar sitikar nan mai hoton bindiga da aka ratsa da jan layi a gilashin baya. A ido duk sitika ce. Da aka shiga aiki kuwa, kowace ta nuna nata hali, kuma abin da ya fi bambanta su ma ba a jikinsu yake ba, yana ƙarƙashinsu.

Aikin farko, a wurin wankin mota

Alhaji ya ɗauki abin ƙaramin aiki ne. Ya kai motar wurin da yake wanki, ya ce wa yaron wurin ya ɓamɓare masa takardun nan kafin ya dawo daga masallaci. Yaro ya ɗauko reza ya fara da ƙofar dama. Ledar ta riƙa fitowa guntu-guntu, tana barin gam mai yauƙi da ƙura ta riga ta mai da shi baƙi. Ya goga da ruwa da sabulu, gam bai motsa ba. Sai wani ya ba shi shawara ya karɓo diluwan, ruwan nan mai ƙarfin wari da masu fenti suke tsinka fenti da shi. Ya tsoma tsumma ya goga. Gam ya fita nan take, amma tsumman ya taso fari fat, fentin ƙofar ya yi laushi ya tattare, ga kuma zanen reza tsaye da kwance. Yaron ya tsaya a rabin tambari. A haka Alhaji ya tarar da motarsa, a haka kuma ya kai ta wani garejin gyaran jiki da fenti da ke kan hanyar fita zuwa Ɗan Isa.

Maigidan garejin dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Bai fara da duba sitika ba. Ya shafa wurin da ya narke, ya buɗe ƙofar ya duba robar gefenta, sannan ya ce, "Alhaji, wagga ƙofa an taɓa yi mata fenti?"

"Sun ce mini motar ba ta taɓa hatsari ba."

"Su suka ce, ranka shi daɗe. Amma fentin kamfani ba shi narkewa haka don an goga mishi tsumma sau guda."

Gaskiyarsa. Fentin da mota take fitowa da shi daga kamfani gasa shi ake yi cikin tanda mai zafin digiri 140 ko kusa da haka, har ya sandare ya zama abu guda da ba ya komawa ruwa. Diluwan yana iya dusashe shi idan ya daɗe a kai, amma ba ya kwashe shi cikin ƙiftawar ido. Fentin da yake narkewa haka shi ne na gareji wanda aka fesa ba tare da sinadarin da ke ƙarfafa shi ba, aka bar iska da rana suka busar da shi. Irin wannan, ruwan da aka tsinka shi da shi ranar farko yana iya sake narkar da shi ko bayan shekara biyar.

Ya aiki yaronsa ya ɗauko maganaɗisu daga wata tsohuwar sifika, ya naɗe shi cikin tsumma don kada ya yi zane, ya bi jikin motar da shi sashe-sashe. Ko'ina yana kamawa da ƙarfi, sai ƙasan ƙofar dama: nan ya riƙa zamewa. Ma'ana akwai mastik, kwaɓin nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi, mai kauri tsakanin fenti da ƙarfe. A bakin robar gilashi kuma ga feshin farin fenti da ya tsallake takardar rufi. Akwai ƙaramar na'ura da ake auna kaurin fenti da ita, wadda kan nuna mikron 100 zuwa 150 a fentin kamfani (mikron dubu ne milimita guda), ta nuna ɗari uku ko fiye inda aka maimaita, ta haura dubu inda aka cusa mastik. Garejin ba shi da ita, kuma a wannan aikin maganaɗisu da ido sun wadatar.

Gwaji na biyu ya ɗauki minti guda. Ya ɗiga man goge fenti a baƙin tsumma ya murza a gefen kapo, tsumman ya ɗauko fari. Wannan ya nuna babu berni, wato babu shimfiɗar nan mai garai-garai da ake rufe launi da ita a yawancin motocin zamani. Launin da ƙyallin duk a shimfiɗa guda suke, kuma da yawa daga fararen motocin aiki haka suke fitowa. Wannan zai yi amfani daga baya.

Abin da rana take yi wa leda

Sitikar mota abu biyu ce a haɗe: ledar binil, wato PVC, a sama, da gam mai kamawa idan an danna a ƙasa. PVC a asalinsa abu ne mai tauri, shi ake yin bututun ruwa da shi. Abin da ke sa ya yi laushi har ya kwanta a jikin mota wani sinadari ne mai maiƙo da ake gauraya masa. Zafi da hasken rana suna fitar da wannan sinadarin sannu a hankali. Idan ya ƙare, ledar takan tsuke, ta bushe, ta tsattsage, shi kuma gam ɗin ƙasa ya ƙara riƙe fenti fiye da yadda yake riƙe ledar. Shi ya sa tsohuwar sitika take fitowa ta bar gam a baya.

Hanya biyu ake yin ledar. Akwai wadda ake zubawa tana ruwa a bar ta ta daskare siririya, kaurinta wajen mikron 50, ba ta cika tsukewa ba kuma ta fi tsada. Akwai wadda ake murzawa tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa har ta miƙe, kaurinta mikron 70 zuwa 100, ita ce mai araha, ita ce kuma mai neman komawa yadda take da zarar ta sha zafi. Kamfanonin da ke yin su, irin su 3M da Avery Dennison da Orafol na Jamus mai yin Oracal, suna rubuta shekarun da kowace za ta yi. Oracal 641, alal misali, shekara 3 zuwa 4 aka rubuta mata, 751 kuma 7 zuwa 8. Sai dai wannan lissafi na yanayin tsakiyar Turai ne, kuma na ledar da aka manna a tsaye. Su kansu kamfanonin suna rage shekarun idan ƙasa mai zafin rana ce, su ƙara ragewa idan a kwance aka manna ta tana kallon sama. A Maraɗi, inda zafin Afrilu da Mayu yake kai digiri 40 ko ya haura a inuwa, sitikar kapo ta shekara bakwai ta daɗe da wuce lokacinta.

Aikin ya faɗo cikin bazara, kuma maigidan ya tsara shi ne bisa tafiyar rana. Leda tana son ɗumi kafin ta saki, wajen digiri 50 zuwa 60. Ruwan cire gam kuwa ba ya son zafi, don yana bushewa kafin ya yi aiki. Saboda haka ɗaye leda da hantsi a fili, cire gam da la'asar ƙarƙashin rumfa. Kafin duka biyun aka wanke motar tas. Ƙurar da ke kwanciya a jikin mota a garin nan yashi ce mai laushi, kuma duk tsumman da ya bi ta kanta ya zama takardar gurza.

Ƙofar hagu ba ta ba da wahala ba. Tambarin asali ne, da ledar kirki, a kan fentin kamfani. Da rana ta ɗumama ƙarfen, maigidan ya ɗaga kusurwa da farce, ya taimaka da tsohon katin roba, ya riƙa ja a hankali. Yadda yake ja shi ne abin lura: ba ya miƙar da ledar tsaye daga jikin ƙofa, ba ya kuma naɗe ta baya a kan kanta. Yana riƙe ta ƙasa-ƙasa, hannunsa kusa da inda take rabuwa da fenti, da ƙarfi iri ɗaya ba fizga. Ja irin wannan yana sa gam ya bi ledar maimakon ya zauna a ƙofa. Inda ta yi gardama sai yaron ya hura mata na'urar busar da gashi da aka aro daga wani shagon kitso. Yawancin haruffan sun fito ɗungurungum.

Kapo

Nan aikin ya tsaya. Tambarin kapo ya tsattsage kamar tabon gulbi idan rani ya yi nisa, shuɗinsa ya koma toka-toka, wasu wuraren sun yi launin ƙasa alamar ledar ta ƙone. Babu kusurwar da za a kama. Ka ɗaga da kati, abin da zai fito bai fi ƙwayar wake ba. Ɗumama shi ma bai taimaka sosai ba, domin zafi yana tausasa ledar da har yanzu akwai sauran maiƙo a jikinta ne, wannan kuwa babu.

Babban yaron garejin ya kawo shawarar a sa bindigar zafi, wadda suke lanƙwasa roba da ita. Maigidan ya yarda, amma shi ya riƙe ta da kansa. Iskar da ke fita daga bakinta tana kai digiri 300 zuwa 600, kuma idan aka tsayar da ita wuri guda daƙiƙa kaɗan fenti zai kumbura ko ya yi rawaya, musamman fari. Ya riƙe ta nesa da kapo fiye da taki guda, yana kai da komo, ɗayan hannunsa yana taɓa ƙarfen lokaci-lokaci. Ƙa'idarsa ita ce idan tafin hannu ba zai iya zama a kai har a ƙirga biyar ba, zafin ya yi yawa. Da haka aka ci gefen tambarin, inda lalacewar ba ta yi tsanani ba. Tsakiya ta ƙi.

Aka koma ga faifan roba. Wani faifai ne mai taushi da ake ɗaura wa injin huda, yana juyawa yana murje leda da gam su zama gari. Na garejin daga Kano wani direba ya taho da shi. A nan ne aka kusa yin ɓarna ta biyu, domin yaron ya so ya ɗaura shi a injin yankan ƙarfe don aiki ya yi sauri.

"Kai, aje wanga! So kake ka cire ma wani ido?"

"Baba, ai shi ya fi ƙarfi."

"Ba ƙarfi muke bida ba."

Irin faifan da 3M take yi, iyakarsa juyi 4,000 a minti, kuma an fi samun aiki mai kyau a wajen rabin haka. Ƙaramin injin yankan ƙarfe yana juyi 10,000 zuwa 11,000. A wannan gudun faifan yana iya tarwatsewa, kafin ya tarwatse kuma ya ƙone fentin. Da injin huda aka yi, ana taɓawa da gefen faifan ba danne shi ba, ana tafiya ana barin wuri ya huce. Ba a kai shi kan robar gaban mota ba, don roba ba ta kwashe zafi yadda ƙarfe yake yi, narkewa take. Kapo kaɗai ya ci fiye da yini, kuma a ganina nan ne kuɗin aikin ya halatta. Duk wanda ya ce zai cire ƙonanniyar sitika irin wannan cikin awa guda, to da reza zai yi ko da takardar gurza, kuma mai mota zai biya kuɗin fenti daga baya.

Layin ja da fari na murfin baya ƙarami ne amma ya nuna taurin kai irin nasa. Leda mai walƙiya hawa-hawa ake yin ta: fatar sama, ƙananan ƙwayoyin gilashi masu mai da haske, shimfiɗa mai launin azurfa, sannan gam mai ƙarfi da aka yi don kada ta taɓa fita. Da aka ja, fatar sama ta taho ta bar azurfar. Sai da aka haɗa ɗumi da kati da faifai, ana share garin akai-akai saboda ƙwayoyin gilashin suna zane fenti. Sitikar gilashin baya kuwa, ruwan sabulu da sabuwar reza a kwance, ta fita kafin shayi ya tafasa. Gilashi ne kaɗai wurin da reza take da izini, shi ma ta waje. Ta ciki, idan akwai siraran layukan nan masu ɗumama gilashi ko ledar duhu, reza tana yanke su.

Gam

Da la'asar aka tura motar ƙarƙashin rumfa, aka bar ƙarfen ya huce. Alhaji, wanda ya leƙo ya ga yadda ake ciki, ya ce a aika wurin ƴan ruwa-ruwa a sayo kwalbar isansi, wato fetur, ai kowa ya san yana cin gam. Yana ci, ba ƙarya. Amma maigidan ya nuna masa mai walda a rumfar da ke maƙwabtaka da su, ya nuna gawayin shayi a bakin ƙofa. Tururin isansi ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, kuma yana kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a bazarar Maraɗi. Kalanzir sai ya kai wajen digiri 38 kafin tururinsa ya kama, gazuwal kuma sai ya haura 50. Su ma ba abin wasa ba ne a irin wannan zafi, amma tazarar tana da yawa. Ga shi kuma isansi yana bushewa da sauri, sai ya narkar da gam ya shimfiɗa shi siriri a faɗin ƙofa ya gudu ya bar ka da shi.

Kalanzir aka yi amfani da shi, bayan an gwada shi a cikin bakin ƙofa inda ido ba ya kai wa. Dabarar ba a gugar take ba, a jiƙon take. A jiƙa tsumma, a shimfiɗa a kan gam, a rufe da leda don kada ya bushe, a ba shi ƴan mintoci. Gam ɗin yakan kumbura ya yi laushi, sai a tattara shi da katin roba a kwashe a takarda, ba a murza shi da tsumma ba. Abin da ya rage a share da tsumma mai tsabta, ana juya shi, ana sauya wani idan ya ƙazantu. Inda ya yi kauri a maimaita. Akwai ruwan cire gam da ake yi daga man ɓawon lemu, akwai WD-40 da ake samu wurin masu kayan gyara, duk suna yi, amma don faɗin kapo kuɗinsu ya yi yawa. Abin da maigidan ya hana a kawo kusa shi ne diluwan da asiton, masu cin fentin gareji da robar fitilu, da kuma man birki, wanda wasu ke ba da shawararsa alhali yana ɗaye fenti har ƙarfe.

Bayan nan aka wanke da sabulun wanke kwano don maiƙon kalanzir ya fita, aka bi da alkol na farmasi. Gwajin ƙarshe da tafin hannu ne: a shafa, idan akwai inda ya riƙe, akwai saura. Wanda ya bar saura zai gane cikin mako guda, don ƙura za ta zana masa tambarin da baƙi.

"Ai ga shi nan bai fita ba"

Da Alhaji ya zo washegari ya tsaya gaban motar, abin da ya fara faɗa kenan. Babu leda, babu gam, amma ana karanta sunan ƙungiyar daga nesa, fari tas a kan fari mai duhu. Ya ɗauka sauran gam ne, ya ce a ƙara kalanzir.

Babu ruwan da zai cire wannan, domin ba abu ne aka manna ba. Fentin da ke ƙarƙashin sitika shekara bakwai yana ɓoye, yana nan yadda ya fito daga kamfani. Wanda ke kewaye da shi ne ya sha rana, fuskarsa ta mutu ta zama gari-gari, ta kuma shanye jar ƙurar hanyoyin karkara. Wato wurin da Alhaji yake gani a matsayin tabo shi ne lafiyayye. Gyaran shi ne a kwashe matacciyar fuskar da ke kewaye har a isa fenti mai rai.

A nan gwajin baƙin tsumma ya yi ranarsa. Da motar mai berni ce, da abin da za a iya ci kaɗan ne, don bernin kamfani bai wuce mikron 35 zuwa 50 ba, wajen rabin kaurin takardar rubutu ko ƙasa da haka, kuma idan aka huda shi sai sabon fenti. Fenti mai shimfiɗa guda ya fi ba da sarari, ko da yake shi ma yana da iyaka, musamman a kan kusurwa da bakin ƙofa inda ya fi siranta. Aka bi motar duka da man goge mai ɗan kaushi, sannan mai laushi, ba wurin tambari kaɗai ba, don in an goge ƙofa guda ita ma za ta fita daban. Ƙofar hagu da murfin baya suka daidaita, sai wanda ya san akwai wani abu a da zai iya hango shi.

Kapo bai daidaita ba. An samu ci gaba sosai, har an bi tsakiyarsa da takardar gurza mai lamba 2000 da ruwa kafin a goge, amma abu biyu suka rage. Tsagar ledar ta bar rana da datti sun shiga shekara da shekaru, sun zana sawunsu a fentin. Inda kuma ledar ta ƙone, launin ƙasa-ƙasa ya nutse ciki. Maigidan ya tsaya a nan ya ce ba zai ƙara ci ba, don ya fara hango duhun shimfiɗar ƙasa a bakin kapo. Sunan ƙungiyar ba ya karantuwa, sharaɗin ciniki ya cika, amma inuwar da'irar tambarin tana nan ga mai lura.

Ƙofar dama, da laifin wa

Rabin tambarin da yaron wanki bai taɓa ba yana nan a ƙofar dama, aka bar shi ƙarshe. An cire shi da duk ladabin da aka yi wa ƙofar hagu: ɗumi daidai, kati, ja a hankali. Duk da haka fenti ya riƙa tasowa manne a bayan ledar, faci-faci, har ana ganin mastik. Ledar kanta ba irin ta hagu ba ce, mai kauri ce da aka buga wa launi da inji, ta tsuke ta bar baƙin zobe a gefenta. Araha ba ta ado.

Alhaji ya samu tsohon direban motar ta waya, shi ya warware zancen. Wata shekara an goga ƙofar a jikin amalanke, aka gyara ta cikin gaggawa saboda baƙi masu ba da kuɗin furoje suna tafe, aka manna sabon tambari tun fentin bai kwana biyu ba. Sabon fenti yana ɗaukar makonni yana fitar da ruwan da aka tsinka shi da shi, shi ya sa ake cewa a jira wajen wata guda kafin a manna masa leda. Idan aka rufe shi da wuri, ruwan yana maƙalewa, fentin ba ya ƙarasa ƙarfi, gam kuma ya shige cikinsa su zama ɗaya.

Wannan ya sauya lissafin fushin Alhaji, wanda tun ranar farko yake cewa sai mai wurin wankin ya biya fentin ƙofa. Yaron ya yi kuskure biyu, reza da diluwan, kuma da a ƙofar hagu ya fara da zanen reza kaɗai ya isa ɓarna. Amma ita wannan ƙofar, ko wa ya taɓa ta sai an yi mata fenti. Kuma wanda ya miƙa wa yaron wanki aikin da ba nasa ba, ya ce a gama kafin a sallame salla, yana da nasa kaso. Maigidan bai faɗi wannan na ƙarshen da baki ba, ya dai ce, "Alhaji, a bar yaron nan, ƙofar da ciwonta ta zo." Aka bar zancen.

Saura shawarar fenti. Alhaji ya so a fesa wa motar duka sabon fari a huta. Maigidan, wanda shi zai ci ribar hakan, ya hana shi. Dalilinsa na kasuwa ne: mai sayen mota a garin nan yana zagaya ta yana neman fentin kamfani, kuma motar da aka yi wa fenti gaba ɗaya, komai kyanta, zargin hatsari take jawowa, farashinta ya faɗi. Gara ƙofa guda da za a iya nunawa a ba da labarinta. Ya kuma ƙi yarda a fesa ƙofar tun farkon aiki, lokacin da mai fenti yake da sarari, sai da aka gama goge sauran jikin. Da an haɗa launi da farin da motar ta zo da shi, mai duhun ƙura, da bayan an goge jikin, ƙofar ta fita rawaya a tsakiyar farar mota. An kankare tsohon fentin da mastik ɗin da ya saki, aka sake shimfiɗa, aka fesa fenti mai sinadarin ƙarfi, ana gwada launin da ƙofar baya da ke kusa da ita a hasken rana. Kuɗin wannan ƙofa guda ya fi na cire sitikun duka da gugar motar a haɗe.

Kapo kuwa Alhaji ya ce a bar shi haka, motar buhuna za ta ɗauka ba amarya ba, in ya tashi sayarwa a sake magana. Aka shafa wa jikin duka kakin kare fenti, ban da sabuwar ƙofa, wadda ita ma sai ta gama bushewa. Da ya zo ɗaukar motar ya ce yana so a rubuta sunan shagonsa da lambar waya, kuma ya yi tunanin a ɗora a kapo don ya rufe inuwar. Maigidan ya ce in ya yi haka, shekara uku masu zuwa za su sake zama a rumfar nan kan aiki iri guda. Suka daidaita a kan ƙofofi, da ledar da ake yankawa ba ta bugawa ba, a tambayi mai sitika sunan kamfanin ledar da lambarta kafin a biya, kuma kada a manna komai a ƙofar dama sai bayan wata guda. Alhaji ya ce to ta hagun ma ta jira, kada mota ta yi yawo da suna a gefe guda.